Ƙofar da ke Juya Wutsiya: Kwanakina da Bushiyar Teku a Woods Hole

Litinin

Da hantsi ma'aikatan da ke kula da tankunan halittun ruwa suka kawo mana bushiyoyin teku a bokitai, irin wadda masana ke kira Arbacia punctulata. Halitta ce dunƙulalliya, faɗin ƙoƙonta bai cika wuce santimita 5 ba, launinta ja mai duhu har ya kusa komawa baƙi, jikinta kuwa duk ƙaya ce mai motsi. Bakinta yana ƙasa, ƙofofin haihuwarta guda biyar suna sama. Ba a bambance namiji da mace da ido sai sun zubar. A nan Woods Hole, ɗan ƙauyen da ke bakin Tekun Atlantika a jihar Massachusetts ta Amurka, watannin zafi ne lokacin haihuwarta, shi ya sa daga Yuni zuwa Agusta masu binciken haɗuwar ƙwai da maniyyi ke cika Cibiyar Nazarin Halittun Teku, wadda aka kafa a 1888.

Aikin farko shi ne a sa su zubar. Ana yi musu allurar ruwan gishirin fotasiyam ta laushin fatar da ta kewaye baki, sai jakunkunan haihuwa su tsuke. Ba a jima ba matan suka fara fitar da ƙwai jajaye, mazan kuma farin ruwa mai kauri. Na mazan muka tsotse da siririn bututu tun kafin ya taɓa ruwan teku, muka ajiye a ƙanƙara.

Na ɗiga kaɗan a gilashi, na leƙa ta madubin ƙara girma. Ƙwayoyi cunkus, tsit, babu mai motsi. Na ɗiga ruwan teku a gefe. Kafin in gyara zama filin ya hautsine, kowace ƙwaya tana kaɗa wutsiya sau arba'in zuwa hamsin a sakan ɗaya.

Dalilin shi ne tsami. A cikin jikin namiji iskar kabon ta yi yawa, cikin ƙwayar yana da ɗan tsami, ma'aunin pH wajen 7.2, kuma a wannan hali furotin ɗin da ke kaɗa wutsiya, wato dainin, ba ya aiki. Da ta faɗa ruwan teku mai pH wajen 8, sai ta shigar da sodiyam ta fitar da haidurojin, cikinta ya haura zuwa wajen 7.6, dainin ya fara cin makamashi. Ke nan tashin farko na raguwar tsami ne. Ni kuwa abin da ya kawo ni shi ne abin da ke biyo bayan tashin: me ke gaya wa wannan ƙwaya inda za ta nufa a cikin teku?

Talata

Kusa da gilashi ƙwayoyin ba sa miƙewa, kewaye suke yi, kowace a kan nata ɗan da'irar, da gudun maikuromita 200 ko kusa da haka a sakan. Maikuromita kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. A faɗin teku, inda babu bangon da zai tare su, tafiyar tasu murɗaɗɗiya ce, suna kewayawa suna ci gaba.

Abokiyar aikina, 'yar ƙasar Meziko, ta cika bututun gilashi mai tsinin gaske da resact, ta sa bakinsa a tsakiyar fili. Resact ɗan guntun furotin ne mai amino asid 14, yana fita daga yauƙin da ya lulluɓe ƙwan Arbacia. Cikin 'yan sakanni da'irorin suka fara gusawa, kowace tana matsowa, har bakin bututun ya yi baƙi da ƙwayoyi, gefen fili kuma ya zama fayau.

Wannan abin da na gani yau, a wannan ƙauyen aka fara bin sawunsa. A 1913 Frank Lillie, shugaban cibiyar a lokacin, ya wallafa yadda ruwan da ƙwai ya jiƙa a ciki ke zaburar da maniyyin Arbacia da na tsutsar teku Nereis, yana tara su wuri ɗaya. Sai da aka yi shekaru wajen saba'in kafin a kama sinadaran. A 1981 aka ware speract, mai amino asid 10, daga bushiyar teku ta Tekun Fasifik, bayansa aka samu resact. A 1985 Ward da Brokaw da Garbers da Vacquier suka nuna cewa maniyyin Arbacia yana bin resact zuwa inda ya fi yawa. Speract ba ya kiran maniyyin Arbacia, resact ma ba ya kiran na waccan. A ruwan da halittu iri-iri ke zubarwa lokaci guda, kowane ƙwai da nasa kira.

Laraba

Gani ya kori ji. Na sha karanta wannan gwaji, yau na tsaya a kansa da idona.

Muka haɗa ruwan teku na ɗakin gwaji, gishiri bayan gishiri: sodiyam, fotasiyam, maganiziyam, komai daidai, muka bar kalsiyam kaɗai a waje, har muka ƙara sinadarin da ke kame ɗan abin da ya saura. Muka zuba ƙwayoyin. Suka tashi lafiya lau, suna iyo da ƙarfinsu, suna kewaye kamar jiya. Wanda ya leƙa madubin a wannan lokaci zai rantse babu abin da ya same su. Sai muka kawo bututun resact. Babu wadda ta juya. Suna wucewa ta gefen bakinsa, suna komawa kan da'irarsu. Muka mayar da kalsiyam cikin ruwan, taron ya dawo.

Na daɗe ina kallon wancan fili na farko. Ƙwayoyi masu rai, masu gudu, kiran ƙwai yana isa gare su, amma ba za su taɓa zuwa ba. Duk wanda ya ƙirga su, ya auna gudunsu, ya duba siffarsu, zai rubuta cewa lafiyarsu ƙalau.

Lissafin abin yana da sauƙin fahimta. Ruwan teku yana ɗauke da kalsiyam wajen milimola 10. A cikin ƙwayar da ke hutawa kuwa wajen nanomola 100 ne. Na waje ya ninka na ciki sau 100,000. Ƙwayar tana kashe makamashi kullum tana fitar da kalsiyam don ta riƙe wannan tazara, domin tazarar ita ce jarinta. Idan ƙofa ƙanƙanuwa ta buɗe a fatarta na ɗan ƙyaftawar ido, kalsiyam zai kwararo da kansa, kuma tunda ciki kusan babu shi, ɗan kaɗan ma babban saƙo ne. Wutsiyar siririya ce ƙwarai, faɗinta bai kai rabin maikuromita ba, don haka nan take saƙon ke cika ta.

Abin da kalsiyam ke yi idan ya shiga, Charles Brokaw ya nuna shi tun shekarun 1970. Ya cire fatar ƙwayoyin da sabulu na musamman, ya bar ƙashin wutsiyar tsirara, ya ba shi makamashi daga waje. Wutsiyar ta ci gaba da kaɗawa. Da ya ƙara kalsiyam, sai bugun ya karkace, lanƙwasa ta gefe ɗaya ta fi ta ɗaya gefen zurfi. Bugu madaidaici yana miƙar da ƙwaya, karkatacce yana juya ta. Duk hukuncin tafiyar yana hannun abin da ke buɗe wa kalsiyam ƙofa da rufe ta a kan lokaci.

Alhamis

Yau a ɗaki mai duhu muka wuni. An shayar da ƙwayoyin rinin Fluo-4, wanda ke ƙara haske kore idan ya haɗu da kalsiyam. Resact ɗin da muka zuba kuma ɗaurarre ne, an liƙa masa wani ɗan sinadari da ke hana shi aiki har sai an haska masa walƙiyar hasken ultrabayolet. Ta haka mai gwaji ke zaɓar wuri da lokacin da kira zai fara. Ganin kalsiyam da haske yana da tarihi a nan: Osamu Shimomura, wanda ya ciro furotin aequorin mai haskawa da kalsiyam daga wata halittar teku mai yauƙi a 1962, ya yi shekaru yana aiki a wannan cibiya kafin ya samu kyautar Nobel a 2008.

Aka yi walƙiya. Ɗan shiru da bai kai sakan ba, sai wutsiyoyi suka fara walwal, haske ya tashi ya sauka, ya sake tashi. Duk tashin haske, ƙwaya ta yi kwana mai kaifi, sannan ta miƙe.

Abin da ke faruwa a wannan ɗan shirun shi ne zuciyar aikin, kuma yawancinsa ya fito ne daga ɗakunan bincike biyu: na Benjamin Kaupp a Jamus, wanda mutanensa suka riƙa zuwa nan Woods Hole saboda Arbacia, da na Alberto Darszon a Cuernavaca ta Meziko. Zan rubuta shi bi da bi.

Resact yana kama wani furotin da ke jere a fatar wutsiya, guanilil saikiles. Wutsiya ɗaya tana da su wajen 300,000. Yawan nan ne ya sa da wuya molekul ɗin resact ya taɓa wutsiya ya tsira, kuma a 2003 aka nuna cewa ƙwayar tana amsa ko da molekul ɗaya tak. Furotin ɗin da aka kama yana ƙera ɗan saƙon cikin gida mai suna cGMP, sannan ya mutu murus, sai na gaba ya karɓi aiki. Shi cGMP yana buɗe ƙofar fotasiyam mai suna CNGK. Fotasiyam ya fice, cajin lantarkin cikin ƙwayar ya ƙara nutsewa ƙasa da sifili.

Wannan nutsewa ita ke tayar da abubuwa biyu. Na ɗaya, wani furotin mai musanya sodiyam da haidurojin, wanda shi ma lantarki ke kunna shi, ya fitar da haidurojin, tsamin wutsiya ya ƙara raguwa. Na biyu, ƙofar HCN ta buɗe, sodiyam ya shigo, cajin ya fara hawowa. Ƙofar kalsiyam, CatSper, tana da sharuɗɗa biyu: tsami ya ragu, caji kuma ya hau. Sharaɗin farko ya cika lokacin nutsewa, na biyu lokacin hawowa. Sai ta buɗe. Kalsiyam ya shigo, wutsiya ta karkace, famfunan fata suka fitar da shi, komai ya koma wurinsa don jiran kira na gaba.

Dogon zagayen nan yana da amfani. Ƙwayar ba ta gwada yawan resact a kanta da na ƙarshen wutsiyarta. Gwada yanzu da ɗazu take yi, kamar mai neman teburin mai tsire a daren da babu wuta, wanda kowane 'yan taku sai ya tambayi hancinsa ko ƙamshin ya ƙaru ko ya ragu. Tana tara abin da ta kama na tsawon sakan 0.2 zuwa 0.6, ta amsa, ta share, ta sake ƙirga. Tunda kewaye take yi, rabin da'ira tana fuskantar ƙwai, rabi tana ba shi baya, sai jinkirin da ke cikin jerin ƙofofin ya sa kwanar ta faɗo a daidai gurbin da miƙewar da ke biye za ta nufi ƙwai. A 2012 Luis Alvarez da abokan aikinsa suka ƙara wani abu mai kyau: kaifin kwana yana bin saurin da kalsiyam ke hawa ko sauka, ba yawansa kawai ba. Shi ya sa ƙwaya ke iya miƙewa tun kalsiyam bai gama fita ba.

Juma'a

Da la'asar na shiga laburaren da ke ginin Lillie, na nemi takardun Jean Clark Dan. Ba'amurkiya ce, ta auri masanin Japan Katsuma Dan, ta koma can da zama. A tashar binciken teku ta Misaki, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ta ga abin da ya wuce idon magabata: idan ƙwayar maniyyin bushiyar teku ta taɓa yauƙin ƙwai, ƙaramar jakar da ke kan goshinta, akrosom, tana fashewa, wani siririn zare ya fito. Ta wallafa wannan a 1952. A 1954 ta nuna cewa idan babu kalsiyam a ruwa, jakar ba ta fashewa.

Wannan shi ne aikin kalsiyam na biyu, kuma ya bambanta da na jiya. Na wutsiya walƙiya ce mai maimaituwa. Na goshi sau ɗaya ne a rayuwar ƙwaya, babu komawa. Abin da ke kunna shi dogon sukari ne mai fukos da salfet a cikin yauƙin. Guerrero da Darszon sun nuna a 1989 cewa hanyoyi biyu ne ke buɗewa a jere: ta farko nan take, ta rufe da wuri, ta biyu bayan 'yan sakanni, ta daɗe a buɗe. Sai an bi ta dukansu jakar ke fashewa. Zaren da ke fitowa na furotin aktin ne, a bushiyar teku wajen maikuromita ɗaya, amma a kokwambar teku Thyone yana kai maikuromita 90 cikin sakan 10, kamar yadda Tilney da Inoué suka auna. A jikin zaren akwai bindin, furotin da Vacquier da Moy suka ware a 1977, wanda ke manna ƙwaya da ƙwan jinsinta.

Na kuma ɗauko littafin Ernest Everett Just na 1939 kan hanyoyin sarrafa ƙwan halittun teku. Baƙar fata ne, malami a Jami'ar Howard, ya fara zuwa nan a 1909, kuma wariyar launin fata ta Amurka ta sa ya karkata aikinsa zuwa Turai a ƙarshen rayuwarsa. Ya dage a kan cewa fatar ƙwaya ce wurin da manyan al'amura ke faruwa, ya kuma dage a kan tsabtar gilashi da lafiyar halittar da ake gwaji da ita. Duk ƙofofin da na jera jiya a wannan fata suke zaune. Bai rayu ya ji sunayensu ba, amma wurin da ya nuna da yatsa nan ne.

Asabar

Babu gwaji. Yaya ta kira bayan azahar.

"Auta, ya baƙunta? Wai har yanzu kina nan kina fama da ƙayar ruwan nan?"

"Ina nan, Yaya. Ita ce ke koya mana abin da ke hana wasu maza haihuwa."

Ta yi shiru, sannan ta kawo maganar 'yar Goggo. Shekaru da aure babu ko ɓatan wata. Ta sha saiwa, ta sha rubutu, ta bi asibitoci, dangin miji sun fara zancen a ƙaro mata abokiyar zama. Shi maigidan an taɓa gwada shi, aka ce yawan ya isa, motsi ma akwai, daga nan aka rufe babinsa.

Na gaya mata abin da ya tabbata. Ƙofar CatSper a ɓera aka fara gano ta, a 2001, a ɗakin binciken David Clapham. Namijin ɓeran da ba shi da ita yana da maniyyi mai yawa, mai motsi, amma ba ya haihuwa, domin ƙwayoyinsa ba sa iya sauya bugu zuwa mai ƙarfin da ke huda rigar ƙwai. A ɗan Adam sinadarin furojestaron da ke kewaye da ƙwai yana buɗe ta, an nuna haka a 2011. Akwai mazan da aka haifa babu wani yanki na wannan ƙofa, wasunsu har da raunin ji, saboda ƙwayar gadon ji tana maƙwabtaka da ita a kuromosom na 15. Masu bincike a Münster ta Jamus sun samu irin waɗannan maza da gwajin maniyyinsu na yau da kullum ya fito lafiya, kuma hanyar da ta yi musu aiki ita ce a sa ƙwayar cikin ƙwai kai tsaye da allura. Na ce mata wannan lahani ba shi da yawa, kuma ba ta waya ake gano shi ba. Amma ya isa hujja cewa takardar da ta ce namiji lafiya lau ba ta mayar da laifi kan mace.

"To, Allah Ya sa a ji," in ji Yaya. Na ce amin.

Lahadi

Na wuni da karatu kan sauran halittun teku, don kada Arbacia ta rufe mini ido.

A Japan an fi aiki da Ciona, halitta mai laushi da ke manne wa duwatsu da igiyoyin jiragen ruwa. Maniyyinta ba ya tashi sosai don ya faɗa ruwa kawai, sai ya ji kiran ƙwai, wani sinadari dangin sitiroid mai suna SAAF, wanda Manabu Yoshida da abokan aikinsa suka fayyace a 2002. A can kalsiyam yana da hannu a tashin kansa, sannan ya riƙe juyawa. An ga cewa walƙiyar kalsiyam tana zuwa ne lokacin da ƙwayar ta kai inda kiran ya fi rauni a kewayenta, sai ta juyo. A tashar Shimoda kuma, mutanen Kazuo Inaba sun gano kalaksin, furotin da ke kama kalsiyam ya dafe dainin, wato mahaɗin da ke tsakanin saƙo da bugun wutsiya.

Tauraron teku Asterias amurensis yana kira da asterosap, mai amino asid 34. Jan dodon koɗin teku na gaɓar Kalifoniya, Haliotis rufescens, da amino asid guda ɗaya yake kira, tiriftofan. Kira iri-iri, amma a waɗanda aka bi diddiginsu sosai, zancen yana ƙarewa ne a kalsiyam da wutsiya.

CatSper kanta tsohuwa ce. Akwai ta a dangin murjani, da bushiyar teku, da Ciona, da dabbobi masu shayarwa. Ƙudan 'ya'yan itace da kwaɗo da kaza sun rasa ta a tafiyar zamani. Mu da wannan halitta mai ƙaya mun riƙe ta.

Litinin

Tambayar yau: ta yaya aka san CatSper ce ƙofar, ba wata ba? Shekaru da dama an fi zaton irin ƙofofin kalsiyam na jijiya da tsoka ne, domin magungunan da ke toshe waɗancan suna rage amsar maniyyi. Auna lantarkin ƙwaya kai tsaye abu ne mai wuya saboda ƙanƙantarta. Ko a ɓera sai 2006 aka samu hanyar yin haka. A 2015 Reinhard Seifert da abokan aikinsa suka haɗa hujjoji a kan Arbacia: sun samu furotin ɗin CatSper a wutsiya, sun nuna cewa shigar kalsiyam tana bin tsami da caji tare, sun kuma toshe ta da magunguna.

Muka maimaita sashe ɗaya. Ba tare da resact ba, muka zuba gishirin amoniyam, wanda ke ratsa fata ya rage tsamin ciki kai tsaye. Hasken kore ya tashi. An tsallake mai karɓar kira, an tsallake cGMP da fotasiyam, ƙofar ta buɗe. Muka sake da mibefradil a cikin ruwan, maganin hawan jini da aka janye daga kasuwa a 1998, hasken ya kwanta. Shugabar ɗakinmu ta ja hankalinmu cewa wannan magani yana taɓa wasu ƙofofin ma, don haka shi kaɗai ba shaida ba ne, sai an jingina shi da sauran. Na ji daɗin wannan tsantseni. Da irinsa ne aka gyara zaton shekaru talatin.

Talata

Muka busa iskar kabon cikin ruwan teku har pH ya sauka wajen 6. Ƙwayoyin suka tsaya cak. Muka mayar da su ruwa mai kyau, suka farfaɗo. Mun mayar da su halin da suke ciki a jikin uba ne, muka sake sakinsu.

Teku ba zai kai wannan tsami ba, amma yana tafiya ta wannan fuska. Tun farkon zamanin masana'antu pH na saman teku ya sauka daga wajen 8.2 zuwa 8.1, wanda ke nufin ƙarin haidurojin kusan kashi 30 cikin ɗari. A 2008 Jon Havenhand da abokan aikinsa suka nuna cewa a pH 7.7 maniyyin wata bushiyar teku ta Ostireliya, Heliocidaris erythrogramma, ya rage gudu, ɗaukar ƙwai ma ta ragu. A wasu jinsunan ba a ga raguwa ba, har akwai bambanci tsakanin namiji da namiji. Abin da ya tsaya mini shi ne, dainin da CatSper duka biyun tsami ke riƙe da linzaminsu.

Ga kuma matsalar tazara. Kiran resact bai wuce 'yan milimitoci kaɗan daga ƙwai ba. Kafin nan, sai ruwa ya kawo su kusa, kuma idan namiji da mace suka yi nisan 'yan mitoci, maniyyi yana tsinkewa a ruwa, yawancin ƙwai su tafi a banza. A 1983 zuwa 1984 annoba ta kashe fiye da kashi 90 cikin ɗari na bushiyar Diadema antillarum a Tekun Karibiyan. Waɗanda suka tsira sun warwatsu, farfaɗowarsu ta yi jinkiri ƙwarai, gansakuka kuma ta lulluɓe murjanin da suke sharewa. Abin da ke faruwa a milimita ta ƙarshe yana da hannu a makomar gaɓa sukutum.

Laraba

Muka rufe da haɗa su. Ƙwai jajaye a kwano, ɗigon maniyyi tsararre. Ƙwayoyi suka yi wa kowane ƙwai rawani. Da ɗaya ta shiga, cajin fatar ƙwan ya juye cikin sakan ɗaya zuwa uku, ya hana saura, abin da Laurinda Jaffe ta nuna a 1976. Daga inda ta shiga, igiyar kalsiyam ta ratsa ƙwan cikin kusan rabin minti, wannan karon daga rumbunsa na ciki. Wata fata mai haske ta ɗago ta kewaye shi. Bayan kusan awa ɗaya ya rabu biyu. Kalsiyam ya juya wutsiya, ya fasa jakar goshi, ya tayar da ƙwai: aiki uku, kowanne da ƙofarsa da lokacinsa.

Da yamma na zauna na tsara abin da zan koyar idan na koma. Ɗalibanmu na likitanci da na gwaje-gwajen asibiti suna koyon tambayoyi uku game da maniyyi: nawa ne, yana motsi, yaya siffarsa. Tambayoyi ne masu kyau, kuma ya kamata kowane miji ya amsa su tun farko, domin gwajinsa ya fi na matarsa sauƙi da araha. Zan ƙara musu ta huɗu: yana iya sauya bugu idan ya ji kira? Zan nuna musu hoton bidiyon ƙwayoyin da ke iyo da ƙarfi a ruwan da babu kalsiyam, in bar su su rubuta sakamako, sannan in nuna musu bututun resact.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2023 kusan mutum ɗaya cikin shida na fuskantar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa. A garuruwanmu yawancin wannan nauyi a kan mata ake ɗora shi, da gori, da kishiya, da saki. Ma'aikacin asibitin da ya san iyakar abin da gwajinsa ke gani ba zai ce wa miji "kai ba ka da matsala" a gaban danginsa ba. Zai ce gwajin nan bai nuna komai ba, akwai sauran bincike a kanku ku biyun. Wannan sauyin magana ba ya buƙatar sabuwar na'ura ko kuɗin waje, ilimi kawai yake buƙata, kuma shi zan fara koyarwa a makon farko na zangon karatu.